Inabin Malam da Ruwan Alwala

A gidanmu na Limancin Kona, cikin birnin Zariya, akwai bishiyar inabi guda ɗaya, kuma har na yi furfura ban taɓa ganin ɗanta ba. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam har mu 'ya'yansa, shi ya dasa ta tun kafin a haife ni. Wani ɗalibinsa ne ya kawo masa reshe, shi kuma ya soka shi a ƙofar turakarsa, daidai inda yake tsugunawa ya yi alwala. Reshen ya kama, ya hau rumfar gora, ya rufe ta ruf. Ganye kam ba a magana. A ƙarƙashin wannan rumfa Malam yake shimfiɗa buzunsa, a nan magidanta suke zuwa ɗaukar karatu bayan la'asar, a nan ake kawo masa ƙarar gado da ta iyakar gona. Duk wanda zai yi salla kuwa, a gindin inabin yake alwala, domin nan ne butoci suke.

Kowace shekara, idan mangwaro ya fara fure a unguwa, Malam yakan ɗaga kai ya dubi rumfar ya ce, "Wannan baiwar Allah, ko sau ɗaya dai ta ba ni in ɗanɗana kafin in tafi." Lokacin da yake da ƙarfinsa dariya muke yi. Da ya tsufa, ya fara dafa bango kafin ya miƙe, sai maganar ta daina ba ni dariya. Na ƙulla a raina cewa sai na sa masa ɗan inabin nan a hannu yana raye. Yadda zan yi ne ban sani ba, duk da cewa aikina ke nan a ce na sani.

Nazarin ƙasar noma nake yi a wata cibiyar bincike a Samaru, kuma a lokacin da nake ba da labari ritaya ta kusa. Na gaji da aikin, gaskiya. Na gaji da rubuta rahoton da ba mai karantawa, na gaji da taron bita inda ake raba jaka da biro a watse. Da aka ce an saka sunana cikin waɗanda za su je Sifaniya ganin yadda ake noma a gangaren dutse ba tare da ruwa ya kwashe ƙasa ba, abin da na fara tunani shi ne gwiwoyina. Yayana, wanda shi ke riƙe da gidan yanzu, da ya ji ta Barcelona za mu sauka sai ya ce, "Ke dai faɗi gaskiya, Hajiya, ƙwallo za ki kallo." Da ya ji kuma yankin da za a kai mu na masu noman inabin giya ne, sai ya ce kada in kuskura in faɗi haka a zaure.

Sunan wurin Priorat, wani ɗan ƙaramin yanki a ƙasar Kataloniya, kudu maso yamma da Barcelona. Mota ta bar bakin teku ta yi ta hawa tana lanƙwasa. Duwatsu sun kewaye yankin, mafi girmansu wani dogon dutse mai kai a shafe da suke kira Montsant, wanda in aka ajiye dutsen Kufena namu na Zariya kusa da shi sai a ce tsibin yashi ne. A ƙasa can wani siririn kogi yake bi, a lokacin da muka je ruwansa bai fi a tsallake ba. Ƙauyukan ƙanana ne, kowanne a maƙale a kan tudu, gidajen dutse, tsofaffi a bakin ƙofa. Na yi kwana da kwanaki ina neman fili shimfiɗaɗɗe da ya kai filin idi ban gani ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙasar, in ma za a kira ta ƙasa. Dutse ne baƙi-baƙi mai ratsin ja, yana ɓarewa falle-falle, yana ƙyalli in rana ta doke shi. In ka taka sai ya zame ƙarƙashin ƙafarka. Na tsuguna na ɗiba, na murza, na shinshina, kamar yadda na saba, ban sami abin da zan murza ba. Da a Zariya aka kawo mini wannan a leda a ce in duba, da na rubuta cewa ko akuya kada a ɗaure a wurin. Amma ga inabi nan a tsaye a jikin gangaren, guntaye, ba rumfa ba komai, kowanne kututture ne murɗaɗɗe da bai wuce gwiwata ba. A wasu gonakin tsabar tsayin gangare ya sa mota ba ta shiga, sai alfadari.

Mai yi mana bayani ya ba mu tarihin wurin muna tsaye a rana. Ya ce Musulmi sun mulki waɗannan duwatsu a zamanin Andalus, ya nuna mana wani ƙauye a bakin wani tsauni mai tsayi inda kangon ganuwarsu yake, ya ce nan ne wuri na ƙarshe da ya fita daga hannunsu a Kataloniya. Bayansu sai wasu limaman Kirista masu zaman kaɗaici suka kafa gidan ibada a gindin dutsen, suka yaɗa dashen inabi, kuma daga laƙabin shugabansu yankin ya samo suna. Aka yi ɗaruruwan shekaru ana noma, har wani ɗan ƙwaro da ke cin saiwa ya shigo ya kashe gonakin kusan ƙarƙaf. Mutane suka watse zuwa birane, ƙauyuka suka zama kufai. Waɗanda suka rage suka yi wa inabinsu aure da wata saiwa da ƙwaron ba ya iya ci, kamar yadda muke yi wa mangwaro, suka ci gaba da lallaɓawa har zamani ya sake juyowa kansu. Ina saurare ina neman inuwa, ba inuwa.

Lokacin tsinka ne. A wata gona aka haɗa mu da mai ita, wata tsohuwa mai hannu kamar na maƙeri, wadda ba ta jin Turanci sai da tafinta. Ta nuna mana iri biyu da suka fi shukawa, ɗaya garnaca ɗaya karinyena, duka baƙaƙe, 'ya'yan ƙanana masu kaurin fata. Ta ce tsohon kututture ɗaya abin da yake bayarwa bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Da aka zo ɗanɗana abin da suke yi da shi, ni da abokan tafiyata Musulmi muka ja gefe, ita kuma ba ta ji haushi ba, ta tsinko mana nonon inabi guda ta haɗa da 'ya'yan zaitun. Zaƙin ya kai har ya kama mini maƙogwaro. Na tambaye ta yaushe take ban-ruwa. Ta dube ni kamar na tambaye ta yaushe take yi wa dutsen wanka, ta ce waɗannan tsofaffin ba a ba su ruwa, saiwar ce take bin tsagar dutse ta nemo abinta a can ƙasa.

A nan na ciro waya na nuna mata hoton rumfar Malam. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta buɗa hoton, sannan ta tambayi wa yake ba ta ruwa, kuma sau nawa. Na fara lissafi a zuci: Malam sau biyar, ban da sabuntawa, Yaya, ɗalibai, baƙi, duk wanda salla ta riska a gidan. Da tafinta ya gaya mata, ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Ta ce mun sangarta ta. Ta ce inabin da ba ya jin ƙishi kuma ba a yi masa aski ba, ganye kawai zai yi ta yi, domin ba abin da ya dame shi. Ta kama wani reshe ta nuna mini inda take yankewa idan sanyi ya shigo, idon toho biyu kacal ake bari. Ta ce a wurinsu sanyi ne ke sa inabi barci, ya farka da fure. Mu da ba mu da irin wannan sanyin, ƙishi da almakashi ne za su yi mana aikin.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Manoman Hunkuyi, nan kusa da mu, sun daɗe suna noman inabi suna kawowa kasuwa, kuma duk sun san wannan. Sai da na tsallaka teku da fasfo da biza na koyo abin da zan iya tambaya a tasha. Laifin kuwa nawa ne: ban taɓa kallon bishiyar Malam a matsayin shuka ba, a wurina wani ɓangare ne na turakarsa, kamar buzun da butar.

Na dawo damina na ƙarewa. Na sami Malam a ƙarƙashin rumfa, na gaishe shi, na ba shi labari. Labarin Musulmin Andalus ya fi jan hankalinsa. Ya tambaye ni ko akwai sauran masallaci, na ce kango ne kawai a bakin tsauni. Ya yi musu addu'a. Sannan na shigo da maganar da ta kawo ni. Na ce in yana so ta haihu, sai an daina zuba mata ruwan alwala, a bar ta ta ji ƙishi na wasu makonni, a yanke rassan nan duka, bayan nan kuma ni kaɗai zan riƙa ba ta ruwa da awo har 'ya'yan su nuna.

Malam yana kirana Uwata, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce, "Uwata, abu mai rai, a ce ga ruwa a hannuna yana kallo in hana shi?"

Na ce, "Malam, ba hanawa ba ne, magani ne."

Yaya ya sa baki ya ce, "Yanzu rumfar da muka tashi muka gani za ki aske saboda wata tsohuwa ta yi miki dariya?"

Na juya na ce masa shekara nawa yana sha mata inuwa bai taɓa tambayar me ya sa ba ta haihuwa ba. Muryata ta fi yadda ya kamata ƙarfi a gaban Malam, na sani, kuma ban rage ta ba. Malam ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya ce, "Ke aka kai makarantar ƙasa. Yi abin da kika sani."

Na sayo daro babba na roba na ajiye a ƙofar turaka. Na ce kowa ya yi alwala a ciki, in ya cika a kai rariya a zubar. Tun daga ranar na ɗora wa kaina aikin da ban san nauyinsa ba. Kullum in na tashi ofis sai in kamo hanya daga Samaru, in ratsa cunkoson Kwangila da Tudun Wada, in shigo birni, in tsuguna a gindin inabin in soka yatsa in ji ko da danshi. Sau biyu na tarar da shi a jiƙe. Na farko wani ɗalibi ne, dattijo mai jikoki, wanda ya ce shi hannunsa ne ya saba. Na biyu Yaya ne, kuma ya ce da gangan ya yi. Na yi faɗa har matan gidan suka leƙo. Mijina ya ce na koma kamar mai gadin rijiya, kuma bai yi ƙarya ba.

Malam nake zargi tun farko, ina jiran ranar da zan kama shi. Ban taɓa kama shi ba, domin bai taɓa yi ba. Ya bi umarnina tsaf, kuma wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce ya saɓa. Mutumin da bai taɓa karɓar umarni daga kowa a gidan nan ba, sai ga shi yana jawo daro da ƙafa, yana sunkuyawa a kansa yana kiyaye kada ɗigo ya fantsama. Wata la'asar na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba, na same shi ya gama alwala, da sauran ruwa a buta. Ya riƙe ta yana kallon gindin inabin, inda ƙasa ta fara tsagewa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juye ruwan a daro, ya dafa bango ya miƙe.

Da ganyen ya fara yaushi na zo da almakashin lambu da zarto. Na zaɓi ranar da Yaya ya kai Malam ganin likitan ido a Wusasa, don kada ya tsaya yana kallo. Na wuni ina yanka. Rassan shekara da shekaru sun sarƙe da gorar, wasu sun kai kaurin damtsena, sai da na yi ta ja ina tsinkewa. Da na gama, tulin da ke tsakar gida ya kai ƙuguna, rumfar kuma ta koma gora tsirara da wasu 'yan guntayen rassa. Rana ta faɗo kan inda buzun Malam yake, wurin da rabonsa da rana tun kafin a haife ni. Da suka dawo Malam ya tsaya a bakin zaure. Ya ce wa Yaya ya ɗauko masa buzun ya kai zaure.

A zaure ya ci gaba da karatu. Zauren namu duhu ne da shi, ga idonsa ya yi rauni, ga hayaniyar babura daga lungu. Ɗalibai suka riƙa karanta masa yana gyarawa da ka. Wasu daga cikin tsofaffin da ke zuwa don hira da inuwa suka rage zuwa. Malam ya rame, ko kuwa ni ce na fara lura. Yana fitowa ƙofar turaka ne kawai don alwala, ya yi cikin daro, ya koma. Ni kuma sau ɗaya a mako nake zuwa da bokiti ɗaya in zuba, in tafi da bokitin kada wani ya ƙara. Akwai ranakun da nake tuƙi zuwa gida ina tambayar kaina me ya kai ni, ina jin gajiya har cikin ƙashi. Amma na riga na yanke, ba a mayar da reshe.

Toho ya fito, ja-ja, sannan kore. Bayan wasu makonni na ga abin da ban taɓa gani a gidan ba, wasu 'yan ƙananan curi kamar ƙwan kifi a jikin sabbin rassa. Fure ne. Yawancinsu suka zube, uku suka tsaya. Na ɗinka musu jakunkuna da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye, na rage ganyen da ke kare musu rana, wanda hakan ya sa 'yar inuwar da ta fara dawowa ta sake raguwa. Yaya ya daina yi mini tsiya, har na kama shi yana nuna wa maƙwabci. Na kamo hannun Malam na kai shi ya taɓa. Ya shafa jakar ya ce, "Masha Allah." Sannan ya tambaye ni saura kwana nawa.

Na ɗauka ɗokin ci yake yi, na ji daɗi, na ce ya ƙara haƙuri. Da suka fara sauya launi ma sai na ƙara rage ruwan, domin zaƙi ya taru.

Zafi ya fara shigowa lokacin da suka nuna. Wata ranar Asabar da hantsi na yanke nono ukun, na wanke, na sa a faranti. 'Ya'yan ƙanana ne, jajaye masu duhu, ba su kai na kasuwa kyau ba. Na sa aka fito da buzun Malam ƙofar turaka, aka zaunar da shi, Yaya da matan gida suka tsaya. Na miƙa masa. Ya tsinki ɗaya ya yi bismilla ya sa a baki. Ya tauna a hankali, ya fitar da ƙwallon a tafinsa, ya yi hamdala. Ya ce akwai zaƙi, ya sa mini albarka, ya ce a raba wa yara da maƙwabta. Ɗaya tak ya ci.

Sannan ya juyo ya dube ni da idon nan nasa da ya yi fari-fari, ya sassauta murya kamar mai neman alfarma a ofis. Ya ce, "To Uwata, an gama hukuncin? Yanzu zan iya ba ta ruwa?"

Ina da amsa a shirye. Na yi niyyar in bayyana masa cewa wannan somawa ce, cewa in ana so ta sake haihuwa baɗi, kuma ta fi haka, to kowace shekara sai an maimaita ƙishin da askin. Har na buɗe baki. Sai na gane saura kwana nawan da yake tambaya ba na inabi ba ne. Wata biyar na raba tsoho da inuwarsa da abokan hirarsa, na sa shi yana kallon abin da ya shayar sama da shekara hamsin yana jin ƙishi, duk don wata magana da yake faɗa ne kawai irin ta mai gida da abin da yake ƙauna. Ni na mayar da ita aiki, domin aiki kaɗai na iya. Baƙin ciki ya kama ni, da kunya, da wata irin gajiya da ban taɓa ji ba.

Na ce, "An gama, Malam."

Ya ce a ɗauke daron. Yaya ya ɗauke bai dube ni ba. Azahar ba ta yi ba tukuna, amma Malam ya jawo buta, ya matsa gindin inabin, ya naɗe hannun riga. Ya yi alwala a hankali, ruwan yana sauka kan busasshiyar ƙasa tana shanyewa nan take. Da ya gama ya juye sauran a gindin, ya girgiza butar, ya miƙo mini ya ce in ciko masa wata.